Kafin Ka Tura Kuɗin Tof Silinda, Ka Nemi Hoton Lambar Da Ke Jikinsa

Duk matashin da ya san kan waya ba ya sayen ta hannu sai ya danna *#06# ya ga lambar IMEI, ya gwada ta da wadda ke jikin kwali, sannan ya shiga saiti ya duba ainihin lambar samfurin. Dalili kuwa sananne ne: suna ɗaya da kamanni ɗaya ba su nufin kayan ciki ɗaya. Ɗauki Samsung Galaxy A12. Akwai mai lamba SM-A125F, akwai mai lamba SM-A127F. Ka ajiye su gefe da gefe ba za ka bambance su ba, amma ta farko tana ɗauke da kwakwalwar Helio P35, ta biyu kuma Exynos 850. Mai gyaran wayar da ya ɗora wa ɗaya manhajar ɗayar ya san abin da zai biyo baya.

Abin mamaki shi ne, wannan matashin dai, ranar da motar mahaifinsa ko ta kawunsa ta ƙone tof silinda, shi ne za a miƙa wa lambar asusu a ce ya tura kuɗi Kano ko Kaduna. Zai buɗe OPay ko Moniepoint ya tura kuɗin da sun isa sayen waya mai kyau, ba tare da ya ga komai ba. Hujjarsa kawai ita ce muryar da ta ce masa ta waya: "Na J5 ne, zai shiga." Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: tof silinda ma yana da tasa IMEI ɗin. An rubuta ta a jikin ƙarfen tun ranar da aka zuba shi a masana'anta. Kuma a yau babu wanda ya fi dacewa ya karanta ta, ya adana ta, kamar matashin da ke riƙe da waya a gareji ko a gida.

Me ya haɗa mu da tsofaffin injuna?

A Turai da Amurka, wanda ke binciken lambar tof silinda na motar shekarun 1970 yawanci mai sha'awa ne. Ya ajiye motar a rumfa, yana fito da ita ranar hutu. A nan ba haka ba ne. Motar da suke kira ta tarihi, ita ce ke ciyar da gida.

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta shigo Aliero, ta faɗa Jega inda take haɗuwa da ta Birnin Kebbi, sannan ta miƙe Maiyama da Koko da Yawuri har Kwantagora. Tsaya a bakinta lokacin da albasar rani ta fito, ka ƙirga J5 nawa za su wuce ka, ka ƙirga a-kori-kura da tsofaffin Hilux da Golf da ke kwaso buhuna daga ƙauyuka zuwa inda manyan motoci ke lodi. An san Aliero da albasa a faɗin ƙasar nan, Jega kuma tsohuwar cibiyar kasuwanci ce. Kayan da ke cikin waɗannan motoci ba sa jira. Albasar da ta kwana uku a cikin buhu a bayan motar da ta mutu a hanya, cikin zafin Maris ko Afrilu da ke haura digiri 40, ba ita ce albasar da aka loda ba.

To ka ƙaddara an yo odar tof silinda, an jira kwana biyu ya iso tasha, bakanike ya ɗora ya ga bai zauna ba, ko ya zauna amma bayan mako guda ruwa ya haɗu da baƙin mai. Asarar ba ta tsaya kan kuɗin ƙarfen ba. Akwai kuɗin mota zuwa da dawowa, akwai sabon gaskit da ba a maimaita shi, akwai kuɗin aiki sau biyu, ga kwanakin da direba da yaron mota suka zauna ba ko sisi.

Mene ne shi kansa tof silindan?

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba: inji gida biyu ne. Na ƙasa shi ne bulok, inda fistin ke hawa da sauka. Na sama shi ne murfin da ke rufe ramukan fistin ɗin, shi kanikawa ke kira tof silinda. A jikinsa bawul suke, da ramukan fulogi ko na nozil idan injin dizal ne, da hanyoyin shigar iska da fitar hayaƙi, da hanyoyin ruwa da na baƙin mai. Tsakaninsa da bulok akwai gaskit, wanda ke raba wuta da ruwa da mai kada su haɗu.

Saboda haka dole kowane rami ya dace da abokinsa na ƙasa. Haka kuma girman ɗan kwarmin da wuta ke tashi a ciki shi ke ƙayyade yadda inji ke matse iska da mai. Idan kwarmin ya yi girma, mota ba ta da ƙarfi. Idan ya yi ƙanƙanta, inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana ɗaukar zafi. Duk wannan bambanci ne na 'yan milimitoci, wanda hoton da aka ɗauka daga nesa ba ya nunawa.

Kama da wane ba ta wane

Mu ɗauki Peugeot, ko Fijo kamar yadda iyayenmu ke cewa. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta lashe kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina yin ta. An harhaɗa ta a Kenya, an ƙera ta a Ajantina. Kenan kayan gyaran da ke yawo a kasuwanninmu ba daga wuri ɗaya suka fito ba, ba kuma a zamani ɗaya ba.

Sunan "injin 504" kuwa ya ƙunshi injuna da yawa. A ɓangaren fetur akwai dangin XC mai cc 1618, wanda aka gado daga 404. Akwai XM mai cc 1796. Akwai XN mai cc 1971. Faɗin ramin fistin a XC da XM milimita 84 ne, a XN kuma milimita 88. Dukkansu bulok ɗin baƙin ƙarfe ne, tof silinda na alminiyam, kuma 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa suke kama. A cikin XN ɗin ma akwai mai kafireto, akwai mai injekta. A ɓangaren dizal akwai XD88 mai cc 1948, da XD90 mai cc 2112, da XD2 mai cc 2304.

Ita kuma J5, wadda aka fara yi a 1981 a wata masana'anta da ke Italiya, 'yar uwar Fiat Ducato da Citroën C25 ce. Injunan fetur ɗinta daga dangin XM da XN ɗin nan suke, sai dai an ɗora su a gicciye don su ja ƙafafun gaba. Ita ma 505 ta yi amfani da XN a wasu samfuranta, a wasu kuma tana ɗauke da injin wani gida dabam kwata-kwata.

Yanzu ka ƙara da wannan: motar da ta shekara 30 ko 40 a kan hanyoyinmu, da wuya a ce injin da ta zo da shi ne a cikinta. An sauke, an ɗora na Beljiyam, an haɗa bulok ɗin wannan da tof ɗin wancan. Don haka idan mai sayarwa ya tambaye ka "wace mota ce?", tambayar ba ta isa ba. Tambayar da ta dace ita ce: wane inji ne a cikinta yau, kuma me aka rubuta a jikin tof ɗin da aka sauke?

Rubutun da ke jikin ƙarfe

Duk wanda ya taɓa kallon masu zubin tukwanen alminiyam ya san yadda abin yake. Ana danna samfuri a cikin yashi, a cire, a zuba narkakken ƙarfe. Duk abin da ke jikin samfurin, har da suna ko tambari, sai ya fito a jikin tukunyar. Haka ake yin tof silinda, sai dai da na'urori. Rubutun da za ka nema iri huɗu ne.

Na farko, lambar zubi. Yawanci takan fito tudu-tudu, kana shafa ta da yatsa kana jin ta. Ita ke nuna samfurin da aka zuba ƙarfen da shi. Tana iya kasancewa a gefe, ko a ƙarshe, ko a sama ƙarƙashin murfin bawul.

Na biyu, tambarin kamfanin mota ko na masana'antar da ta yi zubin.

Na uku, alamar kwanan wata. A kayan alminiyam da yawa za ka ga ɗan da'ira kamar agogo, da lambar shekara a tsakiya, da ɗigo ko kibiya da ke nuna wata. Kamfanin General Motors na Amurka kuwa ya daɗe yana amfani da harafi a madadin wata, A na nufin Janairu, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara.

Na huɗu, lambobi ko haruffan da aka buga da ƙarfe bayan an gama zubi. Waɗannan sukan nutse ciki ne, a kan wani ɗan fili da aka goge. Irin wannan ce lambar inji da ke jikin bulok.

Bambancin tudu da nutso yana da amfani. Lambar da aka buga, kowa zai iya goge ta ya buga wata. Lambar zubi kuwa jikin ƙarfen ce. Idan ka ga inda ya kamata ta kasance an bi shi da giranda ya yi sumul, ka tambayi dalili kafin ka tambayi farashi.

Abin da lamba ɗaya ke iya faɗa maka

Golf ita ce misali mafi sauƙi, domin Volkswagen na da tsari bayyananne. Lambarsu tara ce a rukuni uku, wani lokaci da harafi ɗaya ko biyu a ƙarshe. A kan tof silinda na tsofaffin injunansu masu fistin huɗu za ka ga 103 373 a tsakiya da ƙarshe. Ukun farko su ne ke nuna dangin inji: 026 a injunan fetur da yawa masu bawul takwas, 068 a dizal 1.6, 028 a dizal 1.9. Harafin ƙarshe kuma shi ke nuna an yi wa samfurin sauyi. Mutum biyu na iya riƙe da tof mai lamba tara iri ɗaya, harafin ƙarshe ya raba su. Wanda ya turo maka hoto ya yanke harafin, rabin labari ya ba ka.

Toyota kuma ta koyar da wani darasi. Injin 22R da ke cikin tsofaffin Hilux an sake masa fasali a 1985, aka rage tsayin bulok, aka sauya tof. Sunan bai canza ba, amma na kafin 1985 da na bayanta ba a musanya su kai tsaye. Masu aikinsa sukan gane su ta ramukan fitar hayaƙi: na tsohon da'ira ne, na sabon kuma sun yi siffar fiya. Wato wani lokaci alamar ba lamba ba ce, siffar rami ce, kuma ita ma waya na iya ɗaukar ta.

Misali na uku daga Amurka yake. Injin Jeep mai lita 4.0 na farkon shekarun 2000 ya zo da tof mai lambar da ta ƙare da 0331, wanda ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa tsakanin silinda ta uku da ta huɗu. Daga baya aka gyara zubin. Lambar ta ci gaba da zama 0331, amma gyararren yana ɗauke da kalmar TUPY, sunan wata masana'antar zubi ta Burazil. Masu irin wannan mota sun san da haka, har sukan buɗe murfin zuba baƙin mai su haska tocila su nemi haruffan nan huɗu kafin su saya. Ba wani sihiri suka yi ba. Mutane ne da yawa suka yi ta ɗaukar hoto suna rubuta abin da ya same su, har ilimin ya taru.

Yadda za ka ɗauki hoton da zai yi amfani

Akasarin hotunan kayan gyara da ke yawo a WhatsApp ba su da amfani: baƙin ƙarfe a cikin duhun shago, filasha ta haske shi ya yi fari fat. Ga abin da ya kamata ka yi, ko ka roƙi mai sayarwa ya yi.

A fara wanke wurin da kananzir da buroshi, a goge ya bushe. Kashe filashar kyamara. Ka sa wani ya haska tocilar wata wayar daga gefe, kusan a kwance, domin inuwar da tudun lambar zai yi ita ce ke fito da rubutun. Idan lambar ta cinye, ka shafa alli a kai ka share saman a hankali, ko ka ɗora farar takarda ka goga fensir kamar yadda yara ke yi da kwabo.

Kada ka kai waya dab da ƙarfen har hoton ya dushe. Idan wayarka na da yanayin ɗaukar abu na kusa, yi amfani da shi. Idan babu, ja baya kaɗan ka zuƙo sau biyu, ka taɓa allon a kan lambar don kyamara ta tsaya a kanta.

Ka ɗauki hoton fuskar da ke zama kan bulok gaba ɗayanta, daga sama tsaye, da ruler a gefe. Ka ɗauki gefen shigar iska da gefen fitar hayaƙi, da ƙarshen gaba da na baya. Ka yi wa tsohon tof ɗin da aka sauke daidai wannan, har da tsohon gaskit, don ka samu abin gwadawa.

Wajen turawa, WhatsApp na matse hoto har ƙananan lambobi su ɓace. Ka zaɓi HD, ko ka tura shi a matsayin fayil. Saƙonka ga mai kaya ba sai ya yi tsawo ba: "Alhaji, barka da kasuwa. Don Allah a sa yaro ya wanke shi ya ɗauko mana duk lambar da ke jiki, da fuskar ƙasa. Ga hoton namu nan. In sun dace yanzu za a turo kuɗi." Ɗan kasuwar kirki a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ba zai ƙi wannan ba, don shi ma ba ya son a dawo masa da kaya. Wanda ya ce ba shi da lokacin ɗaukar hoto, ya riga ya ba ka amsa.

Inda waya ke iya yaudarar ka

A nan ne nake son mu ja birki, domin akwai masu ganin da zarar an nuna wa Google Lens abu an gama. Lens na iya karanta rubutu, amma a kan ƙarfe mai kaushi yakan rikita 0 da O, 8 da B, 5 da S, 1 da I. Ka karanta da idonka, ka rubuta da hannunka. Ka bincika lambar a haɗe, ka sake bincika ta a rarrabe, ka sa ta cikin alamar zance don Google ya nemo ta daidai yadda take. Ga wata dabara: kayan Peugeot ka haɗa da kalmar culasse, wato sunan tof silinda da Faransanci, na Volkswagen da Mercedes kuma ka haɗa da Zylinderkopf na Jamusanci. Waɗanda suka ƙera motocin da harshensu suka fi yin rubutu a kansu.

Sai kuma ChatGPT da Gemini da Meta AI da ke cikin WhatsApp ɗinka. Suna da amfani wajen fassara shafin Faransanci ko bayyana maka yadda abu ke aiki. Amma ka ba su lambar da ba su da bayani a kanta, suna iya shirya maka amsa tsaf, da shekara da sunan inji, cikin murya mai cike da tabbaci, alhali babu tushe. Kada ka tura kuɗi bisa amsar da ba ka ga inda aka samo ta ba. Ka nemi shafin da aka nuna hoton ƙarfen da lambar a jikinsa, ka ga wuri biyu ko uku sun yi daidai.

Abin da lamba ba ta faɗa

Gaskiya ce kuma dole a faɗe ta: lambar zubi na gaya maka yadda aka haifi ƙarfen, ba ta gaya maka irin rayuwar da ya yi. Kamfani na iya zuba samfuri ɗaya ya yi masa aiki iri biyu, wannan da manyan bawul, wancan da ƙanana. Sannan tof mai lamba daidai na iya zama tsagagge, ko ya lanƙwashe saboda zafi, ko an sha kai shi injin goge fuska har ya yi siriri.

Akwai kuma cutar da ta zama ruwan dare a wajenmu. Muna zuba wa lagireto ruwan rijiya ko na famfo zalla, ba tare da ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa ba. Shekara da shekaru ruwan na cin alminiyam, har bakin ramukan ruwa su zaizaye su kusanto inda wuta take. Hoton fuskar ƙasa zai nuna maka wannan idan an ɗauke shi da kyau.

Sauran kuwa aikin hannu ne. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar, a gwada zura siririn ma'auni a ƙarƙashi. A injuna da yawa lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. A auna kaurin tof ɗin a gwada da na tsohon. A zuba kananzir a ramukan iska a ga ko yana tsiyaya ta bawul. A duba tsakanin bawul da bawul, musamman a na dizal, inda tsaga ta fi fitowa. Shi ya sa tun kafin kuɗi su fita ya kamata a yi magana a rubuce a WhatsApp cewa idan an auna an samu matsala za a mayar.

"Ai oga ya san aikinsa"

Wannan ita ce hujjar da za ka fi ji, kuma tana da ƙarfi. Akwai dattawan kanikawa a Jega da suka shekara 30 ko 40 suna kwance injin Fijo. Wani da ya ɗaga tof ya juya shi sau ɗaya zai ce maka wannan na wace ce. Babu manhajar da ta kai shi. Ba na ce a zo da waya a koya masa aikinsa ba.

Amma ka lura da abu biyu. Na ɗaya, idon ogan yana aiki ne idan ƙarfen na gabansa. Yau ciniki ya koma ta waya, kaya na Kano, ogan na Jega. Hoto mai kyau shi ne ke kai idonsa can. Mutanen Aliero sun shahara da ɗori tun kaka da kakanni, kuma zuwan hoton ƙashi na asibiti bai rage wa gwanin ɗori daraja ba, ƙara masa gani ya yi. Na biyu, ilimin da ke kan ogan ba a rubuce yake ba. Yaransa da yawa sun koma gyaran babur da Keke Napep da sababbin motoci masu kwamfuta. Ranar da ya ajiye sifana, abin da ya sani ya tafi da shi.

Su ma ƙarafan ƙarewa suke. Tof ɗin da aka jefar a bayan gareji, 'yan jari-bola za su auna shi a sikeli, ƙarshensa ya narke ya zama tukunya. Masu kyau na raguwa, na kwaikwayo marasa tambari na ƙaruwa. Wanda ya iya bambance su shi zai tsira da kuɗinsa.

Wani kuma zai ce ai motocin nan sun kusa mutuwa, me ya sa za a wahala? Ka dubi farashin mota a yau, ka tambayi mai J5 ko yana da halin canza ta. Muddin albasa na fita daga Aliero da Maiyama, za a ci gaba da lallaɓa su.

Aikin da ke jiran masu waya

Mai tsohuwar Chevrolet a Amurka zai buga lambar zubi a intanet, cikin minti ɗaya ya ga shekarar da aka yi tof ɗin da girman bawul ɗinsa. Ba kamfani ne ya yi masa wannan ba, masu motocin ne suka tara. Babu abin da ya hana a yi irinsa da Hausa, don motocin da ke kan hanyoyinmu.

Abin da ake buƙata bai wuce waya da haƙuri ba. Duk tof ɗin da aka sauke a garejinku, ka ɗauki hotunansa, ka rubuta lambar, da motar da aka cire shi, da injin da yake kai, da abin da ya kashe shi. Ka je wurin maigidan da ladabi ka ce: "Baba, wannan da wancan mene ne bambancinsu?" Ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa. Ka zuba komai a Google Sheets, hotunan a Google Drive, don kada su tafi da wayar ranar da ta faɗa ruwa. Idan gareji goma tsakanin Jega da Aliero da Maiyama suka yi haka na shekara ɗaya, za a samu abin da babu shi a ko'ina.

Ɗaliban injiniyanci na Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, da na Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, kowace shekara suna neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. Ga shi nan a bakin titi: a auna, a ɗauki hoto, a tsara, a saka inda kowa zai samu. Mai son kuɗi ma akwai nasa rabo. Matashin da aka sani cewa ba a yo odar kaya ta hannunsa su zo ba daidai ba, direbobi da kansu za su riƙa nemansa.

Kafin a kai can, ga abin da za ka iya yi a wannan makon. Idan akwai tsohuwar mota a gidanku, buɗe bonet, ka wanke gefen tof ɗin, ka ɗauki lambarsa da lambar bulok ka ajiye tun tana lafiya. Ranar da ta tsaya tsakanin Maiyama da Koko da lodi a bayanta, abin da mai kaya zai fara tambaya yana cikin aljihunka.